Dokta Ya Amsa: Da gaske ne ana wanke ƙodar dabba a dasa wa mutum?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dokta, Allah ya ƙara basira. Yayana ne yake fama da ciwon ƙoda, ana mai wankin ƙoda duk sati kuma wallahi kuɗin ya fi ƙarfinmu. Sai aka turo min wani bidiyo a WhatsApp an nuna zuciya fara fat cikin kwalba, wai yanzu Turawa suna wanke zuciya ko ƙodar dabba su zuba mata ƙwayoyin halittar mara lafiyan sai a dasa mai, ba sai an nemi ɗan'uwa ya bayar ba. Har wani ya ce ya san asibitin da ake yi a waje in za mu haɗa kuɗi. Don Allah gaskiya ne? Daga ƙanwarku a Gashuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Yaya lafiya ya sa kaffara ne, ku kuma Allah ya buɗa muku. Bari in fara da abin da ya fi damuna, kar ku ba mutumin nan ko sisi. Babu wani asibiti a duniya yau da yake dasa wa ɗan'adam ƙodar da aka wanke aka sake cika ta, duk wanda ya ce muku akwai to ko dai shi ma ruɗarsa aka yi ko kuma aljihunku yake hange.

Amma bidiyon kansa ba ƙarya ba ne, binciken yana nan kuma ni dai yana cikin abubuwan da suka fi burge ni a harkar likitanci. Kin ga kowace gaɓa a jikinmu abu biyu ne a haɗe, akwai ƙwayoyin halitta masu rai da suke aikin, akwai kuma wata raga da suka saƙa wa kansu suke zaune a ciki, yawancinta sinadarin kolajin ne da ilastin. Kin san soson wanka irin wanda yake yaɗo a jikin danga, in ya bushe aka ɓare bawon aka kakkaɓe 'ya'yan sai ragar ta rage da siffarta yadda take? To kusan haka ne. Garkuwar jiki ƙwayoyin baƙo take ganewa ta kai musu hari, shi ya sa wanda aka yi wa dashe yake shan maganin danne garkuwa har ƙarshen rayuwa, ita kuwa ragar kusan iri ɗaya ce a jikin mutum da dabba, jiki bai cika faɗa da ita ba in dai an wanke ta tas.

A 2008 masu bincike Doris Taylor da Harald Ott a Jami'ar Minnesota ta Amurka suka ɗauki zuciyar ɓera suka jona tiyo a babbar jijiyarta suka dinga tura ruwan wani sinadarin sabulu da ake kira SDS, irin wanda ake sawa a shamfu da man goge baki, na wajen awa 12, zuciyar tana dusashewa a hankali daga ja har ta koma fara kana hango hanyoyin jininta a ciki ba su lalace ba. Sai suka zuba mata ƙwayoyin zuciyar jariran ɓeraye, a kwana na huɗu ta fara motsi, a na takwas ta fara harba ruwa. Amma ƙarfin nata kashi 2 ne kawai cikin 100 na zuciyar babban ɓera, kuma wannan ɓangaren ne masu yaɗa bidiyo ba sa faɗa. A 2010 aka yi na huhu a Jami'ar Yale, aka dasa wa ɓera ya yi aiki na kamar awa biyu. Ita ƙodar da kike tambaya a 2013 ne Ott ɗin ya gwada a Boston, ta yi fitsari kam, amma ɗan kaɗan ne in aka kwatanta da lafiyayya, kuma ta ɓera ce.

Wankewar ba ita ce wahalar ba, cikawar ce. Ƙodar mutum guda tana da 'yan matatai wajen miliyan ɗaya, da ƙwayoyin halitta iri sama da 20 kuma kowanne sai ya zauna a gurbinsa, sannan duk 'yar jijiyar da ba a shimfiɗe cikinta da ƙwayoyi ba jini na shiga zai daskare ya toshe ta. Nan ake har yanzu.

Inda abin ya yi nasara sosai shi ne a ƙananan abubuwa masu faɗi da ba sa buƙatar jijiyoyi da yawa. Tun 1994 ake sa wa masu ƙuna wankakkiyar fatar mutum mai suna AlloDerm, jikin mara lafiyan da kansa yake tura ƙwayoyinsa su shiga su zauna. A Hannover ta Jamus an daɗe ana sa wa yara wankakken bawul ɗin zuciya na mutum, wato 'yar ƙofar da take hana jini komawa baya. A Aisland kamfanin Kerecis fatar kifi yake wankewa ana ɗora ta a kan gyambon masu ciwon suga. Har ganyen alayyafon Turawa an wanke a wata jami'a a Worcester ta Amurka a 2017 aka ɗora ƙwayoyin zuciya a kai suka yi motsi, don jijiyoyin ganyen sun yi kama da ƙananan hanyoyin jini.

Gaggawa kuma ta ci rayuka a fannin nan, shi ya sa nake jin tsoro in na ji irin maganar mutumin naku. A Biyana ta Ostiriya an sa wa yara huɗu bawul ɗin alade da bai wanku sosai ba a 2001, uku suka rasu. Likita Paolo Macchiarini ya yi suna a 2008 da dashen wankakken maƙogwaro a Barcelona, daga baya a cibiyar Karolinska ta Suwidin ya koma dasa na roba ba tare da an gwada yadda ya kamata ba, na farkon da aka sa wa ɗalibi ne ɗan Eritiriya kuma ya rasu a 2014, a 2023 kotu ta ɗaure likitan shekara biyu da rabi.

Don haka Yaya ya ci gaba da wankin kar ya tsallake, ku zauna da likitan ƙodarsa a duba ko cikin dangi akwai wanda tasa za ta dace. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, kuɗin da za ku ba ɗan kamasho gara ku tara shi don wannan da magungunan bayan dashe, don su ma ba arha gare su ba.

TAMBAYA: Dokta na ji an ce wasu kayan da ake ɗinke mutum da su a tiyata daga alade ake yin su, haka ne? Ya Musulmi zai yi? Daga Maraɗi.

AMSA: Haka ne Malam, wasu daga ciki. Tun ƙarshen shekarun 1980 wani mai bincike Stephen Badylak ya gano a Jami'ar Purdue ta Amurka cewa wani siririn ɓawo na cikin hanjin alade in an wanke shi yana taimaka wa tsoka ta sake tohowa, ana amfani da shi a gyaran ƙaba da rufe rauni, kuma a hankali jiki yake narkar da shi ya maye gurbin da nasa. Amma akwai na saniya, na kifi, na mutum da na roba zalla, kuma haƙƙinka ne ka tambayi likita kafin ka sa hannu a takardar tiyata, da me aka yi abin da za a sa min, akwai madadinsa? Likitan kirki ba zai ji haushi ba. Hukuncin kuwa na malamai ne, da yawansu sun yi sauƙi in lalura ce kuma babu madadi, sai ka kai wa malamin da ka yarda da shi bayanin da likitan ya ba ka dalla-dalla, har da ko akwai madadin a asibitin da za a yi maka aikin da kuma nawa ne kuɗinsa.