Tambayoyin Masu Karatu: Shaiɗan Ne Ya Ja Ni, Ko Ni Ne Na Tafi?

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne mazaunin Aboabo a Kumasi, ina tsaron shagon atamfa na kawuna a kasuwar Kejetia. Kuɗin susu, wato adashe, da yake ba ni in kai duk mako na riƙa zubawa a cacar ƙwallo ta waya, har sidi 3,000 suka salwanta. Abokina ya ce in kwantar da hankalina, domin abin da aka rubuta wa bawa ba ya wuce shi, kuma Shaiɗan ya fi ƙarfinmu. Gaskiya idan abin ya motsa mini, ji nake kamar ba ni ba ne. Shin akwai alhaki a kaina?

AMSA: Ɗana, akwai alhaki a kanka. Abokinka ya ɗauko magana mai gaskiya ya ajiye ta inda ba muhallinta ba, kuma da aljihunsa aka yanka a tashar mota, ɓarawon ya ce masa ƙaddara ce, ba na jin zai sake shi saboda wannan hujja.

Tambayar taka tsohuwa ce. Jahmu ɗan Safwan, wanda aka kashe a shekara ta 128 bayan Hijira, ya tafi a kan cewa mutum ba shi da zaɓi ko kaɗan, Mu'utazilawa kuma, wani ɓangare na malaman aƙida, suka ce mutum ne yake ƙagar ayyukansa da kansa. Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu wajen shekara ta 324, wanda kuma malaman zaurenmu na Zango suka daɗe suna karantar da aƙidarsa, ya ce Allah ne mahaliccin aikin, amma bawa ne yake nufarsa ya kuma aikata shi, kuma a kan wannan nufi ake kama shi. Malamai sukan ba da misali da hannun mai karkarwa da hannun da mai shi ya miƙa da gangan: duka biyun motsi ne, amma kowa ya san bambancinsu a jikinsa.

Game da Shaiɗan kuwa, shi kansa ba zai karɓi laifin da kake son ɗora masa ba. A Suratu Ibrahim, aya ta 22, an ba da labarin abin da zai faɗa ranar hisabi, cewa ba shi da wani iko a kan mutane face ya kira su suka amsa, don haka kada su zarge shi, su zargi kansu. Shari'a ta san uzuri na gaskiya, domin ta ɗauke alƙalami daga mai barci da yaro da mahaukaci, ta kuma yafe wa wanda aka tilasta, kamar yadda ya faru ga Ammaru ɗan Yasir lokacin da aka azabtar da shi a Makka. Kai babu wanda ya ɗora maka wuƙa a wuya.

Ban ƙaryata ka ba da ka ce kana jin kamar ba kai ba ne. Caca tana zama jaraba, kuma wanda ta kama ƙarfin zuciyarsa yana raguwa har ya kai ga ya danna waya yana kuka. Wannan dalili ne na a tausaya maka, amma ba ya wanke ka, saboda akwai lokutan da kake cikin hayyacinka sarai: ranar da ka buɗe asusun, ranar da ka mayar da kuɗin kawunka MoMo, wato kuɗin cikin waya, da kowace safiya da ka gaishe shi ka yi shiru. Tunda ka iya ɓoye masa, ai ka san abin da kake yi.

Saboda haka tubarka tana da sassa biyu, kuma na biyun ne mutane suke gudu. Haƙƙin Allah istigfari da nadama da barin aikin suna goge shi, amma haƙƙin kawunka ba ya faɗuwa sai ka biya ko ya yafe. Ka nemi dattijon da yake jin nauyinsa, ko limamin unguwarku, ya raka ka ka faɗa masa kafin mai susu ya riga ka, sannan ku tsayar da abin da za a riƙa cirewa daga kuɗin aikinka kowane wata. Ka goge manhajar, ka rufe asusun, kuma ka roƙi kawunka ya ba wani aikin kai susun har sai ka gama biyan bashin.