Da na daina shafa man kemis sai kurajen su dawo, ga biki ya matso

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni budurwa ce 'yar shekara 23 daga Tudun Wadan Zariya. Tun ina sakandare nake fama da kurajen fuska, su fito su bar mini baƙin tabo. Wata bakwai da suka wuce wata ƙawata ta kai ni wani kemis aka haɗa mini mai a ɗan kwano. Cikin kwana biyar fuskata ta yi sumul har da haske. Amma yanzu ko kwana uku na yi ban shafa ba sai ta yi jajir, ta riƙa raɗaɗi kamar an watsa barkono, ƙananan kuraje su feso birjik. Fuskar ta fi wuyana fari. Mai kemis ya ce dattin jini ne ke fita, in ci gaba da shafawa in haɗa da maganin wankin ciki. Saura sati goma bikina, ko barcin kirki ba na yi. Don Allah me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya. Ki kwantar da hankalinki, abin nan yana warkewa. Sai dai ki sani cuta biyu ce a fuskarki yanzu: wadda kika je kemis da ita, da wadda kika dawo da ita. Ta biyun ce ta hana ki barci.

Ta farkon kin riga kin san ta. Tun daga balaga sinadaran jiki ke sa fata ta ƙara fitar da maiƙo, maiƙon ya haɗu da mataccen saɓar fata ya toshe ƙofar gashi, ƙwayar cutar da dama can take zaune a wurin ta samu abinci ta yaɗu, wurin ya kumbura. Shi ya sa kurajen asali ba sa zama iri ɗaya. Za ki ga mai baƙin kai, ga mai farin kai, ga ja mai ciwo, ga wanda ya yi mugunya, duk a kumatu guda. Suna ƙaruwa gab da al'ada, da lokacin zafin Maris da Afrilu idan gumi ya taru ƙarƙashin hijabi ko niƙabi, da kuma inda man kitso ko basilin ke gangarowa goshi. Babu ruwansu da dattin jini, babu ruwansu da dattin ciki. Maganin wankin ciki gudawa kawai zai sa ki, kurjin ko gezau.

Yanzu ga abin da ke cikin kwanon nan. Ban gan shi ba, amma duk man da zai kwantar da kuraje cikin kwana biyar ya ƙara wa fuska haske, kusan tabbas akwai sitiroyid a ciki, wato maganin danne kumburi. Babu wani sahihin maganin kuraje da ke aiki da wannan sauri. Yawanci abin da ake matsewa a cikin haɗin shi ne clobetasol ko betamethasone, ko waɗannan mayukan masu magani uku a bututu ɗaya, irin su Funbact-A da Skineal, waɗanda kowannensu ke ɗauke da sitiroyid tare da maganin makero da neomycin mai kashe ƙwayar cuta. Magunguna ne na gaske masu amfani a inda aka yi su domin shi, ba a yi su don kuraje ba, ba a kuma yi su don a mayar da su man shafawa na safe da yamma ba. Clobetasol na cikin rukuni mafi ƙarfi a duk sitiroyid ɗin da ake shafawa. Takardar da ke cikin kwalinsa ta hana shafa shi a fuska, kuma ko a jiki likita kan ƙayyade shi ne na ɗan gajeren lokaci, sati biyu ko kusa da haka. Ke kin yi wata bakwai.

Aikinsa shi ne ya danne kumburi ya tsuke ƙananan jijiyoyin jini na fata. Kurjin sai ya lafa, jan ya gushe, fatar ta yi fayau. Toshewar da ta haifar da kurjin tana nan daram. Kafin nan kuma maganin yana cin fatar daga ƙasa. Tana yin siriri har a fara hango jijiyoyi kamar zaren gizo-gizo a gefen hanci da kan kumatu. Wasu gashi ya tsiro musu a gefen fuska. Sai kurajen sitiroyid su fito, kuma gane su ba wuya: ƙanana ne, girmansu ɗaya kamar an watsa gero, babu mai baƙin kai a cikinsu, sukan kewaye baki da haɓa. Jijiyoyin da aka daɗe ana tsukewa, ranar da aka fasa shafawa sai su buɗe gaba ɗaya, fuska ta ɗauki ja da zafi. Mai shafawa ta firgita ta koma kan man, ya lafa, ta ce ai shi kaɗai ke karɓarta. Haka ake komawa kemis duk wata ana sayen sabon kwano.

Abin da ke ba ni haushi shi ne kalmar nan ta "dattin ne ke fita". Ba ranar da za ta wuce a asibitin fata ba a ji ta daga bakin marar lafiya ba. Wane datti? Fatar ce ke ƙonewa, wanda ya sayar da abin da ya ƙona ta kuma yana cewa a ƙara. Mai shagon magani da lasisinsa bai wuce na sayar da ƙananan magunguna irin na ciwon kai da na zazzaɓi a kwalinsu ba, shi ne ya zama mai haɗa magani da cokali a bayan kanta, babu awo, babu suna, babu ranar lalacewa. Haka masu "haɗin amare" da ke talla a WhatsApp da TikTok, su ce ai na gargajiya ne zalla, kurkum da zuma da madara. Kurkum ba ya mayar da baƙar mace fara cikin sati ɗaya. Idan ya yi, to akwai abin da aka zuba ba a faɗa ba. Wani haɗin ma har da hydroquinone, wanda idan aka daɗe a kansa yake barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu da ba ya goguwa, wani kuma da sinadarin makyuri mai lalata ƙoda. Dokar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta hana sa sitiroyid da makyuri a kayan kwalliya, a 2023 kuma hukumar ta ayyana man bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Ki shiga kasuwar Sabon Gari ki ga ko sanarwar ta rage ko kwalba ɗaya a kan tebur.

Kuma ɓarnar ba a fuska take tsayawa ba. Masu shafe jiki duka da shi na tsawon shekaru, maganin na ratsa fata ya shiga jini. Daga nan sai nankarwa masu faɗi a hammata da cinya waɗanda ba sa komawa, sai makero da ƙazuwa su bazu su sauya kama har likita ya sha wuyar gane su, sai hawan jini da ciwon suga, sai rauni ya ƙi warkewa bayan tiyatar haihuwa don fatar ta yi laushin da ɗinki ba ya kama ta. Iyaye mata da ke zuba irin wannan bututun a man jarirai don yaro ya yi "fes", su ji tsoron Allah. Fatar jariri ta fi ta babba tsotse magani nesa ba kusa ba. Garin neman gira ake rasa ido.

To, ga abin yi. Ki daina zuwa wurin mai haɗin. Ki je sashen fata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye, su ma suna duba cututtukan fata. Na san akwai layin kati da jira, ki daure, wuni ɗaya ne. Idan a fuska kaɗai kike shafawa, likita zai iya tsayar da shi kai tsaye, ko ya sauko da ke kan mai rauni irin hydrocortisone na kashi 1 cikin 100, ana rage kwanakin shafawa a hankali cikin sati biyu zuwa huɗu. Idan har jiki kike shafawa, kada ki yanke shi dare ɗaya da kanki, domin jikin da ya saba samun sitiroyid daga waje kan rage yin nasa.

Ki shirya wa sati biyu zuwa uku na farko, fuskar za ta fi yanzu muni. Za ta yi ja, ta yi saɓa, ta yi ƙaiƙayi. A nan mafi yawa ke karaya su koma gidan jiya. A wannan tsakanin ba a son komai mai zafi a kanta. Wanki sau biyu a rana da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, da tafin hannu, ba soso. Idan raɗaɗi ya taso ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ki ɗora minti goma. Ki shafa mai marar turare wanda ba ya toshe fata, ki guji rana tsaka. Ban da lemon tsami, ban da makilin, ban da toka ko kanwa, ban da fasa kafso a kwaɓa. Sabulun salo ma ki ajiye shi tukuna, yana busar da fatar da ta riga ta ji rauni. Sau da yawa likita kan haɗa da maganin kashe ƙwayar cuta doxycycline, miligiram 100 sau ɗaya a rana na sati shida zuwa goma sha biyu. Ana shan sa da cikakken kofin ruwa bayan an ci abinci, ba a kwanciya sai an yi aƙalla rabin awa, in ba haka ba ya tsaya a maƙogwaro ya ƙona shi.

Sai fatar ta huce sannan a waiwayi kurajen asali. Benzoyl peroxide na kashi 2.5 ko 5 cikin 100 da safe, a fara da tsallake rana ɗaya. Yana cin launin tufafi, don haka ki bari ya bushe, ki wanke hannu kafin ki taɓa hijabinki. Adapalene na kashi 0.1 da dare, gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ga fuska duka, ba kan kurji kaɗai ba, a kan busasshiyar fata, a kauce wa gefen ido da kusurwar baki. Dare biyu a sati da farko, a ƙara idan fatar ta jure. Cikakken amfaninsu ba ya bayyana kafin sati takwas zuwa goma sha biyu, wanda duk ya ce miki ƙasa da haka ciniki yake nema.

Tunda aure za ki yi, ki riƙe wannan da kyau: adapalene da doxycycline ba a amfani da su idan mace na da juna biyu, don haka ki gaya wa likita ranar bikin tun zuwan farko ya tsara lokacin tsayar da su. Isotretinoin kuwa, da wasu ke saya ba takarda don sun ji yana ƙafar da kuraje, yana nakasa ɗan tayi mummunar nakasa. Kada ki kusance shi. Azelaic acid na kashi 15 ko 20 shi ne abokin mai ciki, yana rage kuraje yana kuma dusashe baƙin tabo.

Tabon kansa yana gushewa, amma a wata shida zuwa shekara, kuma duk kurjin da kika matse da farce kin ƙara masa wa'adi. Man kariya daga rana mai lamba 30 kowace safiya yana hana shi ƙara duhu. Launin fuskarki zai koma daidai da na wuyanki, har ya ɗan fi shi duhu na wani lokaci, kada wannan ya tsorata ki. Batun abinci kuma, gyaɗa ta sha zargi a banza, lemon kwalba da kayan zaƙi da yawan madara sun fi ta alaƙa da kuraje. Idan al'adarki na tsallake watanni ko gashi na fito miki a haɓa, ki faɗa, akwai gwajin da za a yi.

Sati goma ya isa jan da raɗaɗin su lafa sosai idan kin fara a wannan satin, ko da tabon bai gama tafiya ba, hoda za ta rufe sauran. Ki gaya wa mai gyaran jiki dilka da halawa su tsaya daga wuya zuwa ƙasa. Mai kwalliya kuma ki kai mata sabon soson hoda da burushinki, kada a goga miki wanda aka yi wa amare biyar da shi, ki kuma wanke kwalliyar kafin ki kwanta komai gajiya. Ranar da za ki asibiti ki tafi da kwanon haɗin da duk wani bututu ko sabulu da kika taɓa sa wa fuskar, har waɗanda suka ƙare, a leda ɗaya.