Tambaya da Amsa: Wa Ke Sa Ido Kan Ƙananan Bankunan Karkara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu mata ashirin ne muke adashi a garinmu, yanzu kuma an buɗe wani ƙaramin banki kusa da kasuwa, ana ta kiranmu mu kai kuɗinmu ajiya. Shin akwai hukumar da ke sa ido a kansa, kuma idan ya durƙushe, ina makomar kuɗinmu? Daga wata mai karatu a Malumfashi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Babban Bankin Najeriya ne ke ba irin waɗannan bankuna lasisi, shi ne kuma ke binciken littattafansu tun daga shekarar 2005, lokacin da ya fitar da tsarin ƙananan bankunan lamuni, wanda ya tilasta wa tsofaffin bankunan al'umma su sauya zuwa sabon tsari. Durƙushewa kuwa tana faruwa, domin a shekarar 2010 kaɗai an soke lasisin bankuna 224, mafi yawansu saboda basussukan da ba a biya ba sun cinye jarinsu.

Idan bankin yana da lasisi, hukumar inshorar ajiya ta NDIC za ta biya mai ajiya abin da ya kai naira miliyan 2, adadin da aka ɗaga daga dubu 200 a shekarar 2024. Amma wannan kariya ba ta shafi ƙungiyar gama kai ba, balle kamfanin da ya kafa allo kawai yana alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda.

Abin da ke damuna shi ne batun jari. A shekarar 2019 an ƙayyade mafi ƙarancin jarin da dole banki ya mallaka: naira miliyan 50 ga bankin karkara, miliyan 200 ga na birni, biliyan 1 ga na jiha. Manufar tana da kyau, domin banki marar jari ba ya jure shekara guda ta fari idan manoma suka kasa biyan bashi. Sai dai ƙauyen da bankinsa ya rufe saboda ya kasa tara wannan kuɗi yakan koma hannun masu ba da bashi da ruwa mai tsanani, waɗanda ba wanda ke bincikarsu.

Saboda haka, kafin ku kai ko kwabo, ku nemi a nuna muku takardar lasisin, ku sa wani ya duba sunan bankin a jerin da Babban Banki ke wallafawa a intanet, sannan ku karɓi rasit a kan kowace ajiya.