Gajiya da babbar asara a wasan poka (cacar karta)

Ka ce idan dare ya yi nisa sai ka fara kurakuran da ba ka saba yi ba, kuma asarar da ka tafka ta hana ka sukuni. Gajiya ce, ɗan'uwa. Wanda ya yi awa 17 ido biyu, tunaninsa kan yi rauni kusan kamar na mai barasa 0.05% a jini. A tebur, haƙuri gajiya take fara cinyewa. Kartar da za ka yar da yamma ba tare da wani tunani ba, da tsakar dare sai ka riƙe ta, ka bi kowane ƙarin kuɗi da aka zuba, ka daina lura da wanda hannunsa ke rawa.

Game da asara kuwa, ko As biyu (As ce karta mafi girma) ke hannunka, idan ka kara da mai Sarki biyu, kusan sau 1 cikin 5 shi zai ci. Saboda haka kada ka zauna da niyyar ramuwa, nan ne aljihu ke ƙarewa. Yanke iyakar kuɗi da ta lokaci tun kafin a raba karta, in ka kai ka tashi ka kwanta. Idan har ka fara cin bashi ko ɓoye wa iyali, to batun ya wuce gajiya, nemi likitan ƙwaƙwalwa.