Tambaya da Amsa: Kunamar ƙaramar bindigata ta cika tauri, in sassauta ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da lasisin riƙe ƙaramar bindiga ƙirar Glock 43, kuma nakan je filin koyon harbi. Damuwata kunamarta. In na fara ja sai in ji tana gurzawa, can kuma ta cije, kafin ta saki hannuna ya riga ya motsa. Da dama nake harbi, amma kullum harsashina ƙasa yake sauka ta ɓangaren hagu. Wani abokin harbina ya ce in canza sifirin in sa mai laushi, in kuma bi ƙarafan ciki da magagari. In bi shawararsa?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye magagarin nan tukuna, mu yi lissafi.

Glock 43, in an cire mata gidan harsashi, ba ta cika rabin kilo ba. Kunamarta kuwa sai ka sa mata ƙarfin da ya kusa kilo 2.5 kafin ta saki. Ka ga ke nan yatsa ɗaya yana danna abin da ya ninka nauyin bindigar kusan sau biyar, sauran hannun kuma an ce ya riƙe ta kada ta gusa. Ga mariƙinta siriri kuma gajere, da yawan mutane ƙaramin yatsansu ma ba ya samun wurin zama. Ga tazarar saitin gaba da na baya kaɗan ce, don haka ɗan karkacen da ido ba zai lura da shi ba sai ya zama babban kuskure a jikin allo. Kunama mai nauyin ja iri ɗaya, in ka ja ta a babbar bindiga, za ka rantse ta fi laushi. Hannunka ne ya samu abin kamawa.

Saukar harsashi ƙasa ta hagu ga mai harbi da dama tsohon ciwo ne, kuma duk mai koyar da harbi ya san shi. Galibi yatsun riƙo ne ke matsewa tare da yatsan kunama, ko mutum ya tura bakin bindigar ƙasa don yana jiran bugun da za ta yi. Ba sifirin da zai warkar da wannan.

Akwai abu biyu da mutane ke haɗawa wuri guda, nauyin kunama da santsinta. Ja ɗaya yana da zango-zango. Da farko kunamar takan tafi sakayau, sai ta iso inda ta cije, sai ta saki allurar da ke bugun gindin harsashi, sai ta ɗan zarce kaɗan. In ka sassauta yatsa bayan harbi, za ta dawo gaba har ka ji ƙas, alamar ta sake kamawa. Gurzawar da ka ambata a zangon farko take, maganar santsi ce. Ni a wurina kunama mai nauyin kilo 2.5 da ke tafiya sumul, tana saki a wuri ɗaya kullum, ta fi mai kilo 1.5 da ba ka san inda za ta saki ba. Kamar kulocin mota ne: ba taurinsa ke wahalar da direba ba, rashin sanin inda yake kamawa ne.

To me za ka yi? Fara da abin da littafin da ya zo da bindigar ya yarda da shi. Cire gidan harsashi, ja ɓangaren saman bindigar baya, duba makwancin harsashi da ido, ka kuma taɓa da yatsa. A Glock wannan ba wasa ba ne, domin sai an ja kunama ake iya raba ta biyu, kuma a daidai nan ne mutane da dama suka harbi kansu ko bangon ɗakinsu. Wanke ta, ka goge busasshen mai da baƙin hayaƙi. Ɗigo ɗaya na mai a inda bayan sandar kunama, wato ƙarfen da ya miƙe daga kunama zuwa baya a cikin bindigar, ke gogar ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake kira kanekta yakan rage gurzawa sosai. Amma kada mai ya shiga ramin allura, can a bushe ake barinsa, in ba haka ba datti ya taru ya rage wa allurar ƙarfi. Sabuwar bindiga kuma takan yi santsi da kanta in an sha harba ta, ƙarafan suna goge juna daidai inda ya kamata, abin da hannun mai magagari ba zai iya kwaikwaya ba.

Sai atisayen jan kunama ba harsashi, kuma a nan nake so ka daɗe. Harsasai su kasance a wani ɗaki dabam, bakin bindiga ya kalli inda ko da tsautsayi ya gitta ba wanda zai ji ciwo. Ɗora kwabo ko wofin kwanso a kan bindigar kusa da saitin gaba, ka ja kunama a hankali, kai tsaye zuwa baya, har ta saki ba tare da abin ya faɗi ba. Gwada inda kunamar ke zama a yatsanka. A siririyar bindiga mai dogayen yatsu yakan zura yatsa fiye da kima, mai gajeru kuma ya riƙa tura kunamar gefe. Hannun hagu ya ɗauki mafi yawan aikin matsewa, na dama ya ɗan saki jiki don yatsan kunama ya yi aikinsa shi kaɗai. A filin harbi kuma ka ba wani ya cusa maka harsashin roba na atisaye a tsakanin na gaske ba tare da ka san gurbinsa ba. Ranar da ka ja a kansa ka ga bakin bindigar ya dunkuya ƙasa alhali ba abin da ya tashi, ka ga mai laifin da idonka.

Ban ce nauyi ba ya da tasiri ba. 'Yan sandan birnin New York sun shafe shekaru suna riƙe bindigogi masu kunamar laba 12, wato sama da kilo 5, don gudun harbin kuskure. A 2021 rundunar ta sanar cewa sababbin ɗauka za su koma ta kusan laba 5, saboda an ga sun fi samun saiti da ita. Amma lura, inda suka sauko ɗin shi ne inda taka take tun daga masana'anta.

Yanzu ga shawarar abokinka. Sifirin da ke tura allura, in an sa mai laushi, gaskiya ne ja yakan ragu, sai dai bugun ma ya ragu. Wata rana za ka ja ka ji ƙas, harsashi bai tashi ba. Ga ɗan gasa wannan asarar maki ce kawai, ga wanda ya riƙe bindiga don kare kai magana ce dabam. Magagari ya fi wannan muni. Inda sandar kunama ke riƙe da allura ɗan wuri ne ƙanƙani, kuma kusurwarsa da faɗinsa su ne ke hana bindigar tashi da kanta. Ka ci ƙarfen wurin, ko ka zagaye bakinsa, ka samu bindigar da za ta iya tashi in ta faɗi ko in an buge ta. Ƙarfen da aka ci kuma ba ya dawowa. Glock tana da matakan kariya uku: ɗan harshen da ke tsakiyar kunama, abin da ke tare allura, da wanda ke hana ta tashi in ta faɗi. Dukkansu a jikin tafiyar kunamar aka ɗaure su, shi ya sa kayan kasuwa masu alkawarin rage tafiyar farko sukan iya raunana ɗaya daga ciki ba tare da mai bindiga ya sani ba.

Ko masana'antu da injiniyoyinsu abin yakan ba su ruwa. A 2017 kamfanin SIG Sauer ya buɗe shirin gyara bindigarsa P320 kyauta bayan an nuna tana iya tashi in ta faɗi ta wata kusurwa, kuma cikin abin da aka canza har da ita kanta kunamar, aka sa wadda ƙarfenta bai kai na farko nauyi ba.

In ka yi duk wannan har yanzu ba ta yi maka ba, kai ta wurin mai gyaran bindiga da ke da izini. Ya fara auna ta da ma'aunin kunama, sau da yawa, don yatsa ba ya faɗin gaskiya a kan nauyi. Zai iya goge wuraren da ke gogayya su yi sheƙi ba tare da ya taɓa siffarsu ba. In canji za a yi, ka sani kanektar manyan Glock ba irin ta 43 ba ce. Ya gwada maka dukkan matakan kariyar a gabanka, ka karɓi tsofaffin kayanka ka adana, sannan ka harba ta da ainihin harsashin da kake sa mata kafin ka yarda da ita. Ka kuma tambayi hukumar da ta ba ka lasisi ko dokarku ta yarda da canjin, ka san cewa garantin kamfani yakan faɗi in an sa kayan da ba nasa ba.

TAMBAYA DAGA WANI MAI KARATU: Malam, an ce jan kunama ba harsashi yana lalata bindiga. Tawa ƙarama ce mai cin harsashin .22.

AMSA: Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, a kan irin taka. Harsashin .22 a gefen gindinsa ake bugunsa, don haka in makwancin wofi ne allurar na iya sarar bakin ƙarfen, a hankali ta yi masa tabo ko ita ta karye. Yawancin masu cin harsashin 9mm, da ake bugun nasu a tsakiya, ba su da wannan matsalar. Duba littafin bindigarka, in bai fito fili ya ce an yarda ba, sayi harsashin roba na .22 ka riƙa sawa, kana juya shi ko canza shi in gefensa ya lotsa.