Tambaya da Amsa: Me ya kai taron tarihin Hungari ƙasar Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Zariya ce, ina karatun digiri na biyu a birnin Debrecen na ƙasar Hungari. Malamarmu ta kawo mana sanarwar wani taro da masana tarihi da al'adun Hungari ke yi duk shekara, ta ce mai sha'awa ya aika da maƙala. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ƙungiyar da ke shirya taron a Amurka take. Me ya kai su can? Sannan ni da ba jininsu ba ce, me zan tashi in faɗa musu a kan tarihinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Daga bayaninki, taron ƙungiyar American Hungarian Educators Association ne, wadda ake taƙaitawa AHEA. An kafa ta a 1974, kuma tana taro shekara-shekara, yawanci a wata jami'a ta Amurka ko Kanada, jefi-jefi kuma takan kai shi Turai, kamar yadda ta yi a Cluj ta ƙasar Romaniya a 2015. Tana da mujalla a intanet mai suna Hungarian Cultural Studies, wadda kowa ke iya karantawa kyauta. Kanada ma tana da tata, Hungarian Studies Association of Canada, mai taro duk shekara. Akwai kuma babbar ƙungiya ta duniya da aka kafa a 1977, amma ita sai kusan bayan shekara biyar take haɗuwa. Ta fara a Budapest a 1981, ta je Biyana a 1986.

Dalilin zaman taron a Amurka yana cikin tarihin mutanen ne. Hungari a yau ba ta kai mutum miliyan 10 ba, alhali masu jin harshen sun kai kimanin miliyan 13. Ragowar a waje suke, kuma ba hanya ɗaya suka bi suka fita ba. Daga wajen 1880 zuwa farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, talauci ya kori manoma da yawa zuwa ma'aikatun ƙarfe da ramukan kwal na Ohio da Pennsylvania da New Jersey. Birnin Cleveland ya tara su har suka yi unguwarsu da majami'unsu da jaridunsu. Sai ranar 4 ga Yuni 1920 aka sa hannu a yarjejeniyar Trianon a Faransa, aka yanke wa ƙasar kusan kashi biyu cikin uku na faɗinta. Mutum fiye da miliyan 3 masu harshen Hungari suka wayi gari a Romaniya da Cekosulobakiya da Yugoslabiya ba tare da sun bar ƙofar gidansu ba. Shi ya sa kika ga an kai taron Cluj: birni ne na yankin Transilbaniya, inda har yanzu ake karatun jami'a da harshen Hungari.

Fitar da ta fi shafar tambayarki ita ce ta 1956. Ranar 23 ga Oktoba ɗalibai suka fito zanga-zanga a Budapest, abin ya zama bore a kan mulkin kwaminis, ranar 4 ga Nuwamba tankokin Tarayyar Sobiyet suka shiga suka murƙushe shi. Kimanin mutum 200,000 suka tsallaka iyaka, mafi yawa ta Ostiriya. Kanada kaɗai ta karɓi kimanin 37,000. A cikinsu akwai ɗalibai da malamai da yara ƙanana, kuma bayan shekara 20 da yawansu sun zama malaman jami'a da ma'aikatan ɗakunan karatu. A lokacin, a cikin Hungari ba a yarda mutum ya kira abin da ya faru a 1956 juyin juya hali ba, sunan da hukuma ta ba shi shi ne tawayen masu son mayar da hannun agogo baya. Wanda ke son ya yi maganarsa tsakani da Allah, a Toronto ko Cleveland ko Bloomington zai iya. To a wannan yanayi aka haifi ƙungiyar, ga kuma damuwar iyaye da ke kallon 'ya'yansu suna manta harshe.

Yadda ake gudanar da shi ba wani abin tsoro ba ne. Ana fitar da sanarwa watanni kafin lokaci, mutum ya aika da taƙaitaccen bayanin maƙalarsa da bai wuce shafi ɗaya ba, kwamiti ya duba ya ce e ko a'a. In an karɓa, za a haɗa ki da mutum biyu ko uku masu batu makusanci, a ba kowa kamar minti 20, sannan a buɗe fili a yi tambayoyi. Mafi yawan maƙalun da Turanci ake gabatarwa. Za ki ji tarihi da adabi da koyar da harshe da kiɗa da rawa da labarin 'yan gudun hijira. Abin da ya fi burge ni da waɗannan mutane shi ne ba yabon kai kaɗai ke tara su ba. A zama ɗaya za a yi maganar zaluncin da aka yi musu a Trianon, a zama na gaba wani ya tashi da takardu a kan 1944, lokacin da aka kwashe Yahudawan ƙasar kimanin 437,000 cikin wata biyu, mafi yawa zuwa sansanin kisa na 'yan Nazi a Auschwitz, da hannun jandarmomin Hungari a ciki. Ana samun ɗaga murya, amma ana zama a saurara.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe. Ba a tambayar jinin mutum a wannan fage, abin da ya karanta ake tambaya. Idan kin yi Islamiyya har kina iya karanta Larabci, kina da abin da da yawa daga cikin mahalarta ba su da shi. Kafin Turkawa su zo da ɗaruruwan shekaru, akwai Musulmi a Hungari. Wani malami ɗan Andalus, Abu Hamid al-Garnaɗi, ya zauna a can daga 1150 zuwa 1153 a zamanin Sarki Géza na Biyu. Ya rubuta cewa ya tarar da dubban Musulmi, wasu suna yi wa sarki aikin soja suna addininsu a fili, wasu suna ɓoyewa, kuma ya koya musu sallar Juma'a da hukuncin gado. Da zai tafi, ɗansa Hamid ya bari a can. Wannan malamin dai, a littafinsa Tuhfatul Albab, ya yi maganar tsohuwar daular Gana da fataken da ke kai gishiri a raƙuma daga Sijilmasa su dawo da zinariya. Ga mutum ɗaya da ya rubuta a kan bakin Kogin Danub ya kuma rubuta a kan Biladus Sudan. Bayansa, wajen 1220, Yaƙut al-Hamawi ya haɗu da wasu ɗalibai 'yan Hungari a Halab suna karatun fiƙihun Hanafiyya, suka ce masa ƙauyukansu sun kai 30. A 1222 dokar da ake kira Golden Bull ta hana Musulmi da Yahudawa riƙe muƙaman buga kuɗi da gishiri da haraji, daga nan labarinsu ya yi ta dusashewa har ya ɓace.

Kusa da inda kike akwai garin Hajdúböszörmény, wanda sunansa ke da alaƙa da waɗannan Musulmi, kuma masu binciken kayan tarihi sun yi tono a kewayensa. Ki hau mota ki je gidan tarihinsu. In da ni ne ke, maƙalata za ta tsaya a kan abu ɗaya ƙanƙane: yadda Abu Hamid ya kwatanta Musulmin da ke zaune a ƙarƙashin sarki Kirista, da yadda ya kwatanta na ƙasar baƙar fata, da ma'aunin da ya yi amfani da shi a duka biyun. Kada ki ce za ki ba da tarihin Musulunci a Hungari gaba ɗaya a minti 20. Ki ɗauki nassin Larabcin da kanki, ki gwada shi da fassarar da suka dogara da ita, ki nuna wa malamarki kafin ki aika.

Tambaya: Malam, na ji an ce daga Hungari ne wani Bayahude ya fito ya ce hadisai ƙirƙira ce. Ba irin waɗannan mustashriƙai ne ke cika irin wannan taro ba? Ya halatta ɗan Musulmi ya zauna da su? Daga wani malamin makarantar Islamiyya a Maraɗi.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, Ignác Goldziher kake nufi, wanda aka haifa a 1850 ya rasu a 1921. Gaskiya ne a littafinsa na Jamusanci da ya fito a 1889 da 1890 ya yi iƙirarin cewa mafi yawan hadisai sun samo asali ne daga rigingimun ƙarni na ɗaya da na biyu bayan Hijira. Ban yarda da shi ba, kuma malamanmu ba su bar maganar ta wuce ba. Shaihu Musɗafa as-Siba'i na Siriya ya yi masa raddi a littafinsa a kan matsayin Sunna, Fu'ad Sezgin na Turkiyya da Muhammad Musɗafa al-A'azami na Indiya suka fito da hujjojin cewa an rubuta hadisi tun da wuri. Abin lura, al-A'azami a Cambridge ya yi digirinsa na uku a kan wannan batu. Ya karanta abin da suka rubuta, ya zauna a zaurensu, ya ba su amsa da irin kayan aikin da suke girmamawa. Da ya ƙi zama da su, da amsar ba ta kai kunnensu ba.

Sai dai in gyara wani abu. Taron da ake magana ba na nazarin Musulunci ba ne, na tarihin Hungari ne, kuma in Goldziher ya shigo, yakan shigo ne a matsayin ɗan ƙasa wanda ya je Azhar a 1874 ya zauna a darasi, wanda dubban wasiƙunsa ke ajiye a ɗakin karatu na Cibiyar Kimiyya ta Hungari. Ɗalibinsa Gyula Germanus kuwa musulunta ya yi, ya ɗauki sunan Abdulkarim, ya yi aikin Hajji a 1935. Majalisar ƙasar ta amince da Musulunci a matsayin addinin da doka ta sani tun 1916.

Inda za ka fi jin zafin muhawara shi ne zamanin Turkawa. A 1526 rundunar Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ta karya ta Hungari a Mohács, Sarki Lajos na Biyu ya mutu yana gudu. Babban birninsu Buda, wanda yau ɓangare ne na Budapest, ya shiga hannun Turkawa a 1541, bai fita ba sai 1686. A littattafan makaranta an daɗe ana koyar da waɗannan shekaru a matsayin na kufai da bauta, kuma akwai gaskiya a ciki, don yaƙin iyaka ya share ƙauyuka da dama. Amma masanan Hungari irin su Lajos Fekete da Gyula Káldy-Nagy suka koyi karanta rajistocin haraji na Turkawa masu wuyar rubutu, suka fito da sunayen garuruwa da magidanta da abin da kowa ya biya, hoton ya fito da sarƙaƙiya fiye da yadda ake zato. Ko a bayan 1686 ba komai aka rushe ba. Na tsaya a cikin masallacin Gazi Kasim Pasha a tsakiyar birnin Pécs, wanda yanzu coci ne, na ga mihrabinsa yana nan yana fuskantar alƙibla. Hasumiyar masallacin garin Eger na tsaye, kabarin Gül Baba, wani sufi Baturke, a Budapest ana ziyartarsa. Wanda zai tashi a taro ya yi bayanin waɗannan wurare, gara a ce a cikin masu sauraro akwai wanda ya san abin da ake yi a mihrabi. Hukuncin halal da haram na bar wa malaman fiƙihu, amma a matsayina na malamin tarihi, ina ganin rashin zuwanmu ya fi cutar da mu.

Tambaya: Ɗana yana karatu a Hungari da tallafin gwamnatinsu. Ya ce in taimaka masa da kuɗin jirgi zuwa irin wannan taro. Ni ɗan kasuwa ne, ban san amfaninsa ba. Daga wani Alhaji a Gusau.

Amsa: Ranka ya daɗe Alhaji, kafin ka fitar da ko sisi ka tambaye shi abu ɗaya: an karɓi maƙalarsa? In an karɓa, akwai takardar da kwamiti ke aikowa, ya turo maka ka gani. In zuwa kallo ne kawai, bai kai kuɗin tsallaka teku ba. Tallafin da yake kai, in Stipendium Hungaricum ne da aka fara a 2013, kuɗin makaranta da alawus da masauki da inshorar lafiya ya ƙunsa, saboda haka ya fara zuwa sashensu ya tambayi ko suna da kason tafiye-tafiyen ɗalibai, ya kuma rubuta wa masu taron ya tambayi rangwamen ɗalibi. Ya sani kuma katin zamansa na Hungari yana ba shi damar yawo a ƙasashen Shengen ne, ba ya shigar da shi Amurka ko Kanada. Biza daban zai nema, kuma samun ranar ganawa yakan ɗauki lokaci.

Amfaninsa kuwa, in yaron na son aikin jami'a, a irin wannan wuri ne ake haɗuwa da wanda zai duba masa digiri na uku, kuma maƙalar da aka gyara bayan tambayoyin taro ita ce ke zama rubutunsa na farko a mujalla. In likitanci ko injiniya yake karantawa, ba fagensa ba ne, ya nemi taron fanninsa. In kuma tarihi ne amma kuɗin sun yi nauyi, ya fara da tarukan da jami'o'in Budapest da Szeged da Pécs ke yi, waɗanda tikitin jirgin ƙasa zai kai shi, ya jira shekarar da taron zai zo Turai.