Ɗan wasana ya faɗi a fili yana fizge-fizge, ashe tramol yake sha

Tambaya: Likita, ina horar da ƙungiyar ƙwallon samari a unguwar Ali Ɗan Sofo da ke Maraɗi. Makon jiya wani ɗan wasana mai shekara 18 ya yanke jiki ya faɗi ana cikin atisaye, yana fizge-fizge, kumfa na fita daga bakinsa. Wasu suka ce iska ce. Daga baya abokansa suka tona mini cewa tun da ya murɗe gwiwa wata biyu da suka wuce, sai ya haɗiyi tramol yake shiga fili. Wai jabu ya samu, mai kyan ƙarfi yake ƙarawa. Tun ranar ban runtsa ba. Zai iya komawa wasa? Me zan ce wa sauran yaran?

Amsa: Koci, sannu da wannan tashin hankali, Allah ya ba yaron lafiya. Kada ya sake taka fili sai likita ya duba shi, kansa da gwiwarsa duka. An daɗe da sanin tramol na jawo irin wannan faɗuwa, amma raguwar sukari a jini, zafin rana, zazzaɓin cizon sauro da matsalar zuciya su ma suna kayar da mutum haka. Gwaji ne zai raba gardama, kuma a faɗa wa likitan gaskiyar abin da ya sha da adadinsa.

Maganar "mai kyan ƙarfi yake ƙarawa" kuwa, na gaji da jin ta. 'Yan ƙwallo, 'yan kokawa, 'yan kabu-kabu, masu ɗaukar kaya a kasuwa, duk bakinsu ɗaya. Tramol ba ya ƙara ƙarfi ko na ƙwayar gero. Ba ya gina tsoka, ba ya ƙara jini, ba ya faɗaɗa numfashi. Dangin mofin ne, wato maganin kashe ciwo mai ƙarfi, aikinsa a ƙwaƙwalwa yake: ya dushe saƙon ciwo da na gajiya, mutum ya ji garau alhali jikin na nan yadda yake. Hausawa sun ce jiki magayi, to bakin magayin ake toshewa. Gwiwar da ta ce a tsaya, an hana ta magana wata biyu ana gudu a kanta. Jijiyar da ta ɗan tsage, wadda hutun makonni zai iya warkarwa, haka ake yi har ta tsinke, a koma maganar tiyata.

Batun jabu ma kafa ce ta gudu. Na asalin, wanda likita ya rubuta aka saya a farmasi, shi ma yana jawo fizga, domin bayan kashe ciwo yana dagula wasu sinadaran ƙwaƙwalwa, ya sa ta saurin birkicewa. Ga kuma lissafin da nake so ka riƙe. Ƙwayar asibiti yawanci miligiram 50 ce ko 100, kuma iyakar babban mutum miligiram 400 a yini. Wadda ake sayarwa a tire da gindin mai shayi akwai mai 120, mai 200, mai 225. Yaron da ya watsa biyu masu 225 ya wuce iyakar yini guda a haɗiya ɗaya, sau da yawa cikinsa babu komai, ya bi da kofi ko lemon ƙarin kuzari, sannan ya fita gudu a ranar Maraɗi da ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. In ya haɗa da giya, maganin barci ko ruwan kodin, numfashin ne kan tsaya.

Abin takaici, mai tiren da bai iya karanta abin da ke jikin kwalin ba shi ne ke yanka wa yaro adadi. In yaron ya faɗi, sai a ce iska, a kawo hayaƙi da turare, a ɓata awa biyu kafin a tuna da asibiti. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a yi ta a kan hanya.

Masu cewa sai da ƙwaya ake kaye, a tambaye su: Yakuba Kantu, wanda filin kokawar garin nan ke ɗauke da sunansa, ya ɗaga takobin farko na gasar kokawa ta ƙasar Nijar a Tawa a 1975. Tramol bai ma shiga kasuwa ba sai 1977, a Jamus. Kuma tun 1 ga Janairu 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi lokacin gasa. Yaron da ke mafarkin buga wa Dan Kassawa ta Maraɗi ko Mena, ƙungiyar ƙasa, ya san gwajin fitsari ɗaya ya isa a dakatar da shi.

Kada ku yanke masa shan nan take. Wanda ya yi wata biyu a kai jikinsa ya saba, in ya bari kwatsam zai sha gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa da rashin barci, ya koma da gudu. A hankali ake ragewa, ƙarƙashin kulawar likita. Kar kuma a musanya shi da diclofenac ko ibuprofen kullum, domin suna cin ƙoda, musamman ga mai gumi da ƙarancin ruwa a jiki.

Gwiwa: in ya ji ƙara lokacin da ta murɗe, ta kumbura cikin 'yan sa'o'i, ko tana zamewa ko maƙalewa, sai likitan ƙashi, ba mai ɗori ba.

In wani ya sake faɗuwa, a kwantar da shi ta gefe, a janye duwatsu daga kusa da kansa, kada a danne shi, kada a cusa cokali ko ruwa a bakinsa. Fizgar ta kai minti 5 ko ta maimaitu, a nufi asibiti.

Sauran yaran kuma, Koci, ka binciki kanka da masu ƙungiyar tukuna. Muddin wanda ya ce "gwiwata na ciwo" zai rasa riga ranar wasa, a kira shi rago a gaban tsara, to zai ɓoye ciwon ya nufi mai tire. Iyaye amana suka ba ku. Ka tara su, iyayen ma su zo, ka faɗa da bakinka cewa wanda ya ji rauni ya faɗa, wurinsa na nan har ya warke, wanda aka kama da ƙwaya kuma asibiti za a fara kai shi kafin a yi maganar kora.